Ladan kuturu

Wani dai ya wayi gari jiya yana yi mana wa'azin 'yancin faɗin albarkacin baki a Facebook, har da hotonsa gaban makirfo. A fada aka nuna mini, saura kaɗan shayi ya sarƙe ni.

Ba da kowa nake ba. Amma akwai wani shirin rediyo na safe da na taɓa gabatarwa a nan Yamai wanda da in an buɗe layi, 'yan taksi daga Wadata har Harobanda ba sa canza tasha. Muka taɓo tsadar shinkafa da masu ɓoye buhuna a sito. Ashe mun taka sawun wani Alhaji mai talla safe da yamma. Darakta ya kira ni ofis, wayarsa na kan tebur tana ta ƙara, ya ce ko in sassauta ko Alhaji ya janye. Ban ga laifinsa sosai ba: bazara ce, ana ta ɗauke wuta, inji na shan gazuwal, albashi ya makara. Na ce ba zan iya ba. Kafin mako ya zagayo mai wa'azin nan ya hau kujerata.

To, tun ranar, da mai kira ya ce "shinkafa" sai ka ji "Baba, layinka ba kyau, sake kira", sai kiɗa. Layin nan bai taɓa lalacewa a kan masu gaisuwar suna da biki ba. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, amma a daina yi mana shigar jarumai da askar a hannu.

Mai talla na da iko da kuɗinsa, ban musa ba. A Amurka a 2007 masu talla sun guje wa mai shirin rediyo Don Imus har CBS ta sallame shi, amma shi 'yan mata masu ƙwallon kwando ya ci wa mutunci. Ni farashin buhu mai kilo 25 na tambaya.

A garin nan ɗan jarida Moussa Kaka ya yi sama da shekara a kurkuku, daga 2007 zuwa 2008. Da aka dakatar da RFI a 2023 kowa ya ji. Shi kuwa gogan naka ba takarda, ba soja, kiran waya ɗaya ya ɗinke masa baki.

Gobe da safe zan bugo cikin shirin. Na sa kati, layina kuma lafiyarsa lau.