Masu fassarar labarai, a daina zuba komai a kan "kora"

Turanci na da kalmomi da dama na fitar da mutum da ƙarfi, kuma kowacce tana nuna wanda ya yi fitarwar, da dokar da ya dogara da ita, da inda aka kai mutumin. Da zarar mai fassara ya rubuta "an kore shi" ya yi gaba, duk wannan bayani ya salwanta.

A ɗauki deport. Daga Latin ta fito, deportare, wato ɗauke abu zuwa wani wuri. A dokar Rumawa hukunci ne na kai mutum tsibiri tare da raba shi da zamansa ɗan ƙasa. Yau kuwa baƙo kaɗai gwamnati ke yi wa haka, kuma muna da maganarmu da ta dace: an tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsa. A nan ne shari'ar Shugaba Abdurrahman Darman ke da muhimmanci. A 1980 gwamnatin Shagari ta ɗauke shi zuwa Chadi da hujjar wai ba ɗan Najeriya ba ne, alhali shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno. Kotu ta ce ɗan ƙasa ne, ya dawo. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ma ya hana fitar da ɗan ƙasa daga Najeriya. Extradite daban ce: miƙa wanda ake tuhuma ga ƙasar da ta nemi a ba ta shi, bisa yarjejeniya.

Banish ta shigo ta tsohon Faransanci, asalinta shelar haramta wa mutum zama a wani wuri. Ita ce kalmar abin da aka yi wa Sarki Sanusi na ɗaya da aka kai Azare a 1963, da jikansa da aka kai Loko sannan Awe a 2020. Tuɓewa ɗaya, hana zama a gari wani mataki ne na biyu, kuma shi ne kotun tarayya ta ce ya saɓa wa kundin tsarin mulki.

Evict ta masu haya ce. Tushenta evincere, cin galaba, da farko ma'anarta karɓo dukiya ta hanyar shari'a. Har yanzu haka take: a galibin jihohi mai hayar shekara notis ɗin wata 6, na wata-wata wata 1, sai notis na kwana 7, sai umarnin kotu. Maigidan da ya cire ƙofa ko ya watso kaya waje laifi ya yi, kada a ara masa kalmar doka.

Wadda ta fi rikita masu fassara ita ce defenestration, daga fenestra, taga. Ranar 23 ga Mayu 1618 'yan Furotesta suka wurgo gwamnoni biyu 'yan Katolika da sakatarensu ta tagar fadar birnin Prague. Dukkansu sun rayu, amma daga nan Yaƙin Shekara Talatin ya ɓarke. Jaridun Ingila yanzu kan yi amfani da ita in jam'iyya ta kifar da shugabanta farat ɗaya. In ka gan ta a labarin firaminista, babu wata taga a ciki, rubuta "sun tunɓuke shi".