"Nice" ɗinsu ba kirkinmu ba ne

Dattijon da ke gida na uku daga namu a birnin Leeds na Ingila ya rasu, ba wanda ya sani sai da mai raba wasiƙu ya ga takardu sun toshe ramin ƙofarsa. 'Yan sanda ne suka ɓalle ƙofar. Da yamma maƙwabta suka tsattsaya bakin 'yan gajerun katangunsu na jan bulo, wasu da kofin shayi a hannu, kuma duk wanda ya buɗe baki abu ɗaya yake faɗa: ai mutum ne "nice".

Kalmar nan ba abin da ba ta ɗauka. Shayi "nice" ne. Rana ta leƙo na minti goma bayan an kwana uku ana yayyafi, "nice" ce. Takalmi, kare, hutun ƙarshen mako, duk ita. Mai kanti yana miƙo maka canji yana maka fatan yini "nice", idonsa na kan na bayanka. In kuwa aka ja ta ta hanci, magana aka yaɓa maka, kai kana ta washe baki. Daga Latin ta fito, ta biyo ta Faransanci, kuma lokacin da ta shigo Ingilishi wajen 1300 ma'anarta wawa. Da ita ake yi wa mamaci shaida.

Mu in aka ce wane mutumin kirki ne, akwai hujja a ƙasa. Ya je dubiya, ya kama makara, ya biya wa wani kuɗin magani bai faɗa wa kowa ba. Irin wannan dattijo a unguwarmu, asuba ɗaya za a rasa shi a sahu a buga masa ƙofa.

Ban ce ba su da nasu ba. Ba sa shiga sharo ba shanu, ba mai tare matarka ya tambaye ta me ya sa har yanzu shiru, kuma motar asibiti kyauta take zuwa. Na kuma san auren da gulmar unguwa ta kashe a gida. To amma ƙasar da sai da gwamnatin Theresa May ta naɗa minista kan kaɗaici a 2018, wace zaman lafiya za a yi mini alfahari da ita?

Gawar bawan Allahn nan makonni ta yi a ɗakin sanyi ana cigiyar dangi, daga ƙarshe ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin jana'izar, kamar yadda doka ta ɗora mata in an rasa mai zuwa. A satin na je na sa sunana a asusun jana'iza na masallacinmu. Maman yara tana cewa mu bari su gama makaranta tukuna kafin mu koma gida, kuma tana da gaskiya. Ni dai na riga na kira ƙanena a Katsina na ce ya tambayo mini farashin buhun siminti.