Rabin ayar da muke tsallakewa

'Yan'uwa a cikin Almasihu, akwai wata aya da na shafe shekaru ina karanta rabinta kawai, na kuma lura ba ni kaɗai ba ne. Yakubu 4:7 nake nufi. Kowa ya haddace wurin da aka ce mu yi tsayayya da Iblis, zai guje mana. A wajen addu'ar dare, da zarar an ambaci wannan sai murya ta tashi, ana buga ƙafa, ana ɗaurewa, ana tsautawa. Amma ayar da miƙa wuya ga Allah ta fara, kuma nan ne idonmu yake zamewa, domin tsauta wa Iblis ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan a ce wa Allah, "To, na bar nawa, naka za a bi."

Ku koma farkon surar. Yakubu tambaya ya yi: daga ina faɗace-faɗace da husuma suke fitowa a tsakaninku? Ya ba da amsa da kansa, ya ce daga sha'awace-sha'awacen da suke yaƙi a cikinmu ne. A aya ta 6 ya ce Allah yana gāba da mai girman kai, mai tawali'u kuwa yana yi masa alheri. Sai bayan wannan ya ambaci Iblis. Wato a tsakiyar zancen kishi da gaba da girman kai ya sa shi, domin a nan yake kwana.

Labarin da ya fi ba ni tsoro a kan wannan yana cikin Ayyukan Manzanni sura 19. A Afisa, 'ya'ya bakwai na wani babban firist na Yahudawa sun ga abin da Allah yake yi ta hannun Bulus, sai suka ɗauki sunan Yesu kamar wani laƙani. Suka tsaya a kan wani mai baƙin aljan, suna umartarsa da sunan Yesun da Bulus yake wa'azinsa. Aljanin ya ce ya san Yesu, ya san Bulus, amma su fa, su wane ne? Mutumin ya far musu, suka fita daga gidan a guje, tsirara, da raunuka. Kalmomin bakinsu daidai ne, sunan da suka kira ma shi ne sunan, amma Yesun Bulus ne, bai zama Ubangijinsu ba. Ku kuma duba abin da ya biyo baya. Tsoro ya kama garin, waɗanda suka riga suka ba da gaskiya suka zo suna tona ayyukansu a fili, masu sihiri suka tara littattafansu suka ƙone a gaban kowa, aka ƙiyasta kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Ashe har a cikin masu bi akwai waɗanda suka riƙe Almasihu da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana ɓoye a baya.

Ni ma na ɓoye nawa hannun. Na yi kusan shekara biyu ba na magana da yayana saboda wata magana da ya faɗa mini a gaban mutane. A cikin shekarun nan ban fasa azumi ba, ban fasa zuwa sujada ba. Barci ya ƙaurace mini, zuciyata kullum a cushe, addu'a ta zama kamar ina magana da bango. Na ce hari ne na magabci, kuma har gobe na yarda hari ne. Sai in tashi tsakar dare ina tsauta wa kowane ruhu da na san sunansa. Wani dare, bayan na gaji na zauna a bakin gado, na buɗe Afisawa 4, idona ya faɗa kan aya ta 26 da 27, inda Bulus ya ce kada rana ta faɗi muna cikin fushi, kada kuma mu ba Iblis wata ƙofa. Na yi lissafi a raina, rana ta faɗi a kan fushina fiye da sau 600. Ƙofar da nake roƙon Allah ya rufe, ni na sa dutse na tokare ta.

Kada wani ya ce ina musun yaƙin ruhu. Afisawa 6:12 ta faɗa ƙarara cewa kokawarmu ba da nama da jini ba ce, Bitrus kuma ya kwatanta magabcinmu da zaki mai ruri, yana neman wanda zai cinye. Amma shi ma Bitrus, ayoyi biyu kafin zakin, cewa ya yi mu ƙasƙantar da kanmu a ƙarƙashin hannun Allah mai iko. Shi ne fa mutumin da ya bugi ƙirji ya ce ko kurkuku ko mutuwa zai bi Ubangiji, kafin zakara ya yi cara ya musunta shi sau uku. Ya san abin da yake faɗa.

Ubangijinmu ma a jeji, bayan azumin kwana 40, duk amsoshinsa uku daga Maimaitawar Shari'a ya ɗauko su, kowace kuma biyayya ce ga Uba: da maganarsa ake rayuwa, ba a gwada shi, shi kaɗai ake yi wa sujada. Iblis ma ya jawo Zabura 91 a ranar, don haka iya jero ayoyi ba ya razana shi. Abin da ya rasa a wurin Yesu shi ne inda zai kama.

Da gari ya waye bayan daren nan da na buɗe Afisawa 4, na ɗauki waya. Na kai minti goma ina kallon lambar yayana, yatsana yana rawa, wata murya tana ce mini shi ya yi laifi, shi ya kamata ya kira. Wannan muryar ce na yi tsayayya da ita, ban ɗaga murya ba, na danna kawai. Da ya ɗauka na ce, "Yaya, ni ne. Na riƙe ka a zuciya, ka yafe mini." Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can sai ya ce, "Ƙanena, ina kwana? Ya iyali?" Ba mu warware komai a ranar ba, wasu maganganun sai da muka yi watanni kafin muka iya taɓa su. A daren dai na yi barci har safe.