Ja ba shi ne ƙarshen zafi ba

Jiya da daddare an ɗauke wuta, hazo ma ya ɗan lafa, muna kan tabarma a tsakar gida sai ƙanina ɗan sakandare ya nuna min wasu taurari biyu ya ce, Yaya wancan ja-jan shi ya fi zafi ko? Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Ai duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san amsar. Ƙarfe in ya shiga wuta ja yake fara yi, ana zuga ana zuga sai ya koma ruwan ɗorawa, in wuta ta kai maƙura ya yi fari fat har ido ba ya iya jure kallonsa. To taurari ma haka suke, sai dai su suna wuce farin har su shiga shuɗi-shuɗi. Jan da yaron ya nuna shi ne Betelgeuse, zafin samansa wajen digiri 3,500 ne kawai. Ranarmu kusan 5,500. Amma na biyun, farin nan mai sirkin shuɗi da ke ɗaya gefen taurari ukun da suka jeru reras a tsakaninsu, wato Rigel, ya haura 11,000. Sunan ma daga Larabci ne, rijl, ƙafa.

Ni abin da ya fi kama ni game da Rigel ba zafin ba ne ma. Faɗinsa ya ninka na rana fiye da sau 70, nauyinsa kamar rana 20 a haɗe, hasken da ya shiga idonmu jiya kuma ya baro can kimanin shekara 860 da suka wuce, amma duk da wannan uban nisa yana cikin taurari goma da suka fi haske a sama. Kuma girman nan shi ke cinye shi, don nauyin yana matse cikinsa sai ya riƙa ƙona makamashinsa ba ji ba gani, shekarunsa wajen miliyan 8 kacal amma har ya ƙarar da haidurojin ɗin tsakiyarsa, wato iskar da yake ƙonawa, ya fara kumbura, ƙarshensa fashewa zai yi. Ita kuwa rana shekara biliyan 4.6 tana ci a hankali, yanzu ne ma take tsakiyar rayuwarta.

Ra'ayina dai, malamanmu na kimiyya ku riƙa tura yara waje su ɗaga kai, a rage haddar lambobi don jarrabawa. Tarin taurarin nan da kakanninmu suka raɗa wa suna Kaza da 'ya'yanta, manyan cikinsu duk irin waɗannan ne, farare masu shuɗi masu tsananin zafi, kuma yaro zai gan su ba tare da an kashe ko sisi ba.

Ƙanin nawa yau da sassafe ya ce sai na raka shi maƙera ya ga ƙarfen da idonsa, mun yi da shi ranar Asabar.