Sarkin Tauri a Layin Masu Suga

Sista: Baba, cire takalmi.

Sarkin Tauri: Masallaci muka shigo?

Sista: Ƙafarka zan duba.

Sarkin Tauri: 'Yata, suga dai a jini aka ce yake. Ita ƙafa shayi take sha?

Ya dai cire, bayan ya cinye mana minti goma, mu da muka yanki kati tun asuba, likita kuwa har yanzu "yana hanya". Sista ta zaro wani siririn tsinken roba kamar gashin jelar doki.

Sista: Rufe ido. In ka ji na taɓa, ka ce e.

Ta dangwala babban yatsa. Shiru. Ta dangwala tafin ƙafa, ta sake, ta koma ɗaya ƙafar. Baba kamar an dasa shi.

Sista: Sau shida fa ke nan.

Sarkin Tauri: Allahu akbar! Jama'a ku shaida! Shekara arba'in ina shan tauri. Ni da wuƙa ta lanƙwashe a cikina ranar hawan sallah, tsinken tsintsiya ne zai kama ni?

Sista: Nauyin giram 10 kacal yake dannawa, kuma mai lafiya yana ji. Suga ne ya kashe maka jijiyoyin ji, jini ma ba ya sauka sosai. Ka taka ƙusa ba ka sani ba, miki ya ƙi warkewa, a ƙarshe a yi maganar yanke ƙafa.

Sarkin Tauri: Da wace wuƙar?

Ta kife takalminsa ta kakkaɓe. Wani abu ya faɗo, ƙwal!

Sista: Wannan fa?

Sarkin Tauri: Laya ce.

Sista: Murfin lemon kwalba ne, Baba.

Hajiya, daga bayan labule: Na sunan jikansa ne, ranar Talata. Kwalba uku ya sha, ya ce ruwan rubutu ne.

Sarkin Tauri: Wa ya sako mata cikin maganar maza?

Sista: Kwana huɗu kana taka shi, ga shaida nan wurin ya fara ja. Daga yau kafin ka sa takalmi ka zura hannu ciki. Kullum ka duba ƙasan ƙafarka da madubi.

Sarkin Tauri: Madubi? Amarya ce ni?

Sista: To Hajiya ta duba maka.

Sarkin Tauri: Kawo madubin.

Sista: In ka yi alwala ka tsane tsakanin yatsu da tsumma mai tsabta, danshi ke kawo ruɓewa. Ruwan ɗumi ka gwada shi da gwiwar hannu, ƙafar nan ko tafasa yake ba za ta gaya maka ba. Da hunturu ban da miƙa ƙafa kan kaskon wuta. Ka shafa mai a diddige saboda faso, amma kar ya shiga tsakanin yatsu. Farce a yanke shi a miƙe. Kantar ƙafa kuwa kar ka kuskura ka sa mata reza, kar ka ba masu yankan farce na bakin kasuwa.

Sarkin Tauri: Reza? Rezar da nake taunawa kamar goro?

Sista: Kuma ban da yawo ba takalmi, ko a tsakar gida.

Sarkin Tauri: In aka ɗauke shi a masallacin Juma'a fa? Ɓarayin takalmi ba su san mai suga ba.

Nan kam duk layin muka ce gaskiya ne.

Sista: Ka zauna ka aika a kawo wani. Miƙo yatsa in gwada sugan.

Ta ɗan tsira masa 'yar allurar nan da ko ƙudan zuma ya fi ta.

Sarkin Tauri: Wayyo Allah! Hajiya, ta kashe ni!

Sista: Baba, ina taurin?

Sarkin Tauri: Na ƙafa na sha, 'yata. Na hannu ban gama biyan malamin ba.