Idan mai jinyar wasu ta kamu da kansa, wa ke duba jadawalinta?

Yayata ma'aikaciyar jinya ce, ta shekara 19 tana aiki kafin a tabbatar mata da kansar mama. Ranar da ta dawo daga karɓar kemo, wato maganin kansa da ake ƙarawa ta jijiya, karo na biyu, na same ta a kan tabarma da robar amai a gefenta, ta ƙura wa waya ido. Na ɗauka saƙon 'yan dubiya take karantawa. Ashe jadawalin aikin wata aka turo, an sa ta aikin dare a ɗakin yara, kwana takwas bayan ƙarin maganin. Na ce, "Yaya, ki ajiye aikin nan haka, lafiya ce gaba." Ta ɗago ta ce, "In na ajiye, da me zan biya na uku? Kuma so kake in zauna a ɗaki ina ƙirga kwanaki?"

Tun daga ranar na daina ba ma'aikacin lafiya mai kansa shawarar ya bar aiki. Ci gaba da aiki ko hutawa magana ce tsakaninsa da likitan da ke duba shi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya rage wa asibitin da yake yi wa aiki shi ne ya gyara masa aikin daidai da jinyarsa, kuma nan ne muke da babban giɓi.

Kemo ba ya zuwa ba zato. Yawancin masu kansar mama duk bayan mako uku ake ƙara musu shi, kuma an san yadda jiki ke bi. Kwanakin farko tashin zuciya ne da kasala. Daga wajen kwana 7 zuwa 14 kuma fararen ƙwayoyin jini, wato garkuwar jiki, suna yin ƙasa sosai, har zazzaɓin da ya kai digiri 38 a wannan tsakanin ana ɗaukarsa matsalar gaggawa. Sai a mako na uku mutum ya fara dawowa hayyacinsa. To a dubi inda aka tura Yaya: ɗakin yara, inda ƙyanda da ƙarambau da tari ke shigowa kullum, a yankin da mashaƙo ya yi ɓarna a 2023, musamman a Kano. Duk nas ta san wannan lissafin, ita ce ma ke yi wa majinyata bayaninsa. Wadda ta tsara jadawalin ma ta sani. Da Yaya ta same ta, cewa ta yi, "Sista, ki yi haƙuri, wallahi ba mu da isassun ma'aikata."

Ban ga laifinta sosai ba, domin gaskiya ta faɗa. Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate da kansa ya ce likitoci kusan dubu 16 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekaru, ma'aikatan jinya ma haka suke ta ficewa. Amma ƙarancin ma'aikata hujja ce ta a lallaɓa wanda ake da shi. Nas mai gogewar shekara 19 da aka mayar ɗakin awon ciki na wata biyar za ta dawo bakin aikinta. Wadda aka bari a aikin dare har ta kwashi tarin fuka, an yi asararta, an kuma jinkirta mata magani, don ba a ƙara wa mai zazzaɓi kemo.

Akwai masu cewa lafiyar majinyata fa? Tambaya ce mai kyau, kuma bai kamata tausayi ya sa a kauce mata ba. Kansa ba a ɗaukarta daga mutum, wannan kam a cire shi daga rai. Sai dai wasu magungunan suna sa yatsu su mutu, wanda aikinsa neman jijiyar jariri ne kuwa da yatsunsa yake gani. Gajiya na iya sa a kuskure lissafin magani. Wadda aka yi wa tiyatar mama aka cire mata kaluluwar hammata hannunta kan kumbura, ɗaga majinyaci zai wahalar da ita. Duk waɗannan dalilai ne na sauya wa mutum wurin aiki, kuma ba za a san su ba sai idan ma'aikacin ya yarda zai iya faɗa ba tare da an fara yi masa kallon wanda ya gama yawo ba. Mata da yawa hijabi ke rufe musu zubewar gashi, suna ta aiki ba wanda ya sani, saboda tsoron tsegumi da tsoron a sallame su.

Batun kuɗi shi ne ya fi ci mini rai. Ƙididdigar hukumar binciken kansa ta duniya ta 2022 ta nuna sama da mutum dubu 120 ke kamuwa da kansa a Najeriya a shekara, kuma galibi daga aljihu ake biyan magani. Wanda aka rubuta wa gashi, wato maganin da inji ke gasa wurin ciwon da shi, sai ya nufi inda injin yake, Zariya ko Sakkwato ko Abuja, ya yi makonni ana gasa shi kwana biyar a kowane mako, ga kuɗin mota ga masauki. Ma'aikacin gwamnati yana da ɗan tudun dafawa. Mai shara ko atenda a asibiti mai zaman kansa kuwa, kwana 12 kacal Dokar Ƙwadago ta ba shi na hutun rashin lafiya da albashi a shekara. Zagaye ɗaya na kemo ya cinye su. Irin wannan ba zaɓar aiki ya yi ba, dole ce ta sa shi.

Ya kamata ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma, NANNM, da ta likitoci, NMA, su sa wannan cikin abin da suke zama a kai da gwamnati da masu asibitoci: rubutacciyar ƙa'ida da za ta cire mai karɓar kemo daga aikin dare da ɗakunan cututtuka masu yaɗuwa, a daidaita hutunsa da ranakun maganinsa, a kuma riƙe masa sirri. Yaya ba ta samu ƙa'ida ba. Abokan aikinta biyu ne suka raba darenta a tsakaninsu, sai a zagaye na huɗu aka mayar da ita ɗakin awo, bayan likitanta ya rubuta takarda har sau biyu.