Mai juna biyu, ɓera bai isa ya tsaya miki shaida ba

'Yan uwana mata, musamman masu cikin fari, da ku nake. Kwanaki na je duba wata ƙanwata da laulayi ya kayar, na tarar da gorar ruwa a gefen katifarta cike da wani jiƙo baƙi ƙirin, sassaƙe na yawo a ciki. Na ce mene ne wannan? Ta ce: "Yaya, maganin amai ne, kuma mai sayarwar ta ce har a jami'a an gwada shi a kan ɓeraye, lafiya lau." Sunan itacen ma ba ta sani ba.

Wannan "an gwada a ɓera" ɗin shi ne sabon tallan masu magani a waya, don haka mu tsaya a kansa. Cikin ɓera kwana 21 zuwa 23 ne. A ɗakin bincike ana auna nauyin dabbar, a auna ruwan ganye guda ɗaya da aka tace, a ba ta a ranakun da aka ƙayyade, sannan a duba 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, har ƙasusuwansu. Ke kuwa itace biyar aka haɗa miki, kina kurɓa da ludayi safe da yamma, jiƙon yana ƙara kauri kullum. Ina haɗin?

Ko da gwajin ya yi kyau, ɓera ba mutum ba ne. A 1957 aka fara sayar da ƙwayar thalidomide a Jamus, mata suna sha don tashin zuciyar laulayi. Kafin a janye ta a 1961, an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa, da yawansu hannuwa da ƙafafu dungulmi. Da aka koma gwaji sai aka ga ɓeraye suna jure mata, zomaye da birai ne suka nuna illar. Shi ya sa yau ake neman a gwada sabon magani a kan dabba iri biyu masu ciki.

Na san wata za ta ce ai wannan na Bature ne, namu daga ƙasa ya tsiro. To, a shekarun 1950 makiyaya a jihar Idaho ta Amurka sun riƙa ganin tumakinsu na haihuwar 'ya'ya masu ido ɗaya a tsakiyar goshi. Wani tsiron daji ne, Veratrum, tumakin suka ci wajen kwana na 14 da ɗaukar ciki. Uwar tana kiwonta garau, ɗan ne ya lalace.

Idan kuma dabbar ce ta nuna illa, nan kam a ji tsoro. Ƙaron ɗanyar gwanda yana sa mahaifar ɓera murɗawa, nunanniya ba ta yi hakan ba. Saiwar zogale da man darbejiya an ga suna hana ciki zama a jikin ɓeraye. Duk abubuwan da ke tsakar gidanmu ne.

Ba raina ilimin kakanninmu nake ba, ni ma da shi aka raine ni. Amma gaɓoɓin jariri a watanni ukun farko suke haɗuwa, daidai lokacin da laulayi ke sa ki karɓi duk abin da aka miƙo. Haka a ƙarshen ciki, in an fara ɗura maganin zaƙi, naƙudar da aka tayar da ƙarfi tana iya galabaitar da ɗa.

Ku kuma maza, ba kuɗin awo kaɗai ne naku ba. In Hajiya ce ta aiko da jiƙon, kai za ka lallaɓa ta, matarka ba za ta iya buɗe baki ba.

Ita ƙanwar tawa, ranar awonta na sa ta tafi da gorar a jaka, ta ajiye ta a gaban malamar asibiti.